Darasi a kan Aljabara: Gano Ɓoyayyun Adadi Biyu ta Hanyar Tagwayen Daidaito

Aljabara wani reshe ne na ilmin lissafi wanda yake koyar da yadda ake gano adadin da ba a faɗa ba ta hanyar amfani da adadin da aka faɗa. Sunan ya fito ne daga kalmar Larabci "al-jabr", wadda asalin ma'anarta ita ce ɗori, wato haɗa abin da ya karye kamar yadda maɗori yake haɗa ƙashi, kuma kalmar ta shahara ne saboda ta zo a cikin sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya, a zamanin Halifa Ma'amun. Babban kaso na wannan littafi ya tsaya ne a kan rabon gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa, kuma marubucin bai yi amfani da wata alama ba, da kalmomi zalla ya warware matsalolinsa. Saboda haka babban mutumin da ya shigo ajin yaƙi da jahilci bayan ya daɗe yana saye da sayarwa bai kamata ya ɗauki wannan fanni a matsayin baƙon abu ba, domin tun farkonsa don buƙatun irin nasa aka tsara shi.

Yankin Shinkafi da Ƙaura Namoda da Zurmi yanki ne na noma da kiwo da fatauci. Kasuwar Shinkafi, wadda take ci ranar Alhamis, ta daɗe tana tara masu shanu da masu hatsi daga sassan Nijeriya da kuma Jamhuriyar Nijar, ita kuwa Ƙaura Namoda a nan ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tuƙe a 1929, ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga. A irin waɗannan wurare ana yawan sayen kaya iri biyu a haɗe, a biya kuɗinsu a dunƙule, daga baya kuma a buƙaci sanin nawa kowane ya kama, ko don za a raba riba tsakanin abokan haɗin gwiwa, ko don ɗan aike zai yi wa maigidansa bayani. Wannan darasi yana koyar da yadda ake warware irin wannan dunƙule a kan takarda, ta yadda duk wanda abin ya shafa zai iya bin sawun lissafin ya gamsu. Dukkan farashin da za a gani a nan na misali ne, an zaɓe su don sauƙin aiki, ba farashin kasuwa na wata rana ba ne.

Ma'anar kalmomin aiki

Ɓoyayyen adadi shi ne adadin da ake nema, kuma ana ba shi harafi ya tsaya a madadinsa kafin a gano shi. Littattafan makaranta sun saba da x da y, al'adar da ta bazu bayan littafin da masanin Faransa René Descartes ya fitar a 1637, amma babu wata ƙa'ida da ta tilasta su, hasali ma harafin x ba ya cikin baƙaƙen Hausar boko, don haka a nan za a riƙa ɗaukar harafin farko na sunan abin da ake magana a kai. Daidaito kuwa jumla ce ta lissafi wadda take cewa abin da ke hagu da alamar = daidai yake da abin da ke damanta, kamar sikeli mai faranti biyu da ya tsaya cak, wanda duk abin da aka ƙara ko aka rage a faranti ɗaya dole a yi irinsa a ɗayan, in ba haka ba ya rinjaya. Ana kiran daidaito miƙaƙƙe idan ɓoyayyun adadin da ke cikinsa ba a ninka su da kansu ko da junansu ba, sai dai da lambobi kawai, kuma an ba shi wannan suna ne saboda idan aka zana shi a takarda mai gidaje yana fitowa a matsayin miƙaƙƙen layi. A harshen kasuwa, ma'anar miƙewar ita ce kuɗin mudu goma ya zama kuɗin mudu ɗaya sau goma, ba ragi ba ƙari. Idan aka sami irin wannan daidaito guda biyu da suke magana a kan ɓoyayyun adadi guda biyu a lokaci ɗaya, su ne ake kira tagwayen daidaito.

Dalilin da ya sa ake buƙatar biyu a fili yake idan aka gwada ɗaya. Wanda aka gaya wa cewa mudu uku na shinkafa da mudu biyu na gero sun kama naira 8,400 ba zai iya faɗin kuɗin mudun shinkafa ba, domin yana iya zama 2,000 gero ya zama 1,200, yana kuma iya zama 2,400 gero ya zama 600, kuma duka biyun sun dace da abin da aka faɗa. Sai an sami labari na biyu, wanda ya zo da sabon bayani, sannan hanyoyi masu yawa za su toshe a bar guda.

Juya magana zuwa daidaito

Mafi yawan kurakuran ɗalibai ba a wajen tarawa da ɗebewa suke faruwa ba, a wajen fassara maganar baki zuwa jumlar lissafi suke, don haka nan ne ya fi cancantar a daɗe. Matakin farko shi ne a bayyana a rubuce abin da kowane harafi yake wakilta, kuma a bayyana shi cikakke. Ɗalibin da ya rubuta "s shinkafa ce" bai gama ba, domin ba a san ko yana nufin yawan mudun da aka saya ko kuɗin mudu ɗaya ba, alhali waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta. Abin da ya dace shi ne a rubuta cewa s kuɗin mudu ɗaya ne na shinkafa da naira, g kuwa kuɗin mudu ɗaya ne na gero da naira. Idan aka ƙara wa labarin da ya gabata cewa a wurin ɗan awon nan, a ranar nan, wani ya sayi mudu ɗaya na shinkafa da mudu huɗu na gero a kan naira 6,800, to labaran biyu za su zama haka:

3s + 2g = 8,400
s + 4g = 6,800

Sharaɗin nan na cewa ɗan awo ɗaya ne, rana ɗaya ce, kuma mudu ɗaya ne, ba ado ba ne na magana, domin idan farashi ya canja tsakanin ciniki na farko da na biyu, ko mudun wani ya fi na wani girma, to harafin s ya zama yana wakiltar abubuwa biyu, lissafin kuma ya rushe tun daga tushe.

Akwai wasu kalmomin Hausa da suke buƙatar kulawa ta musamman. "Ya fi shi da biyu" tarawa ce, "ya ninka shi sau biyu" kuwa ninkawa ce, kuma kunne yakan haɗa su idan ana sauri. Kalmar "saura" ta fi su wuyar sha'ani, domin tana nuna abin da ya rage kafin a kai wani mizani. A ɗauka wa da ƙane a ƙasar Zurmi sun girbe dami 45 na gero a tsakaninsu, aka ce saura dami shida abin da wan ya samu ya ninka na ƙanen sau biyu. Idan w yawan damman wa ne, ƙ kuma yawan damman ƙane, labarin farko ba shi da wahala, w + ƙ = 45. Na biyun kuwa yana nufin sai an ƙara wa wan shida kafin ya kai ninkin na ƙanensa, wato w + 6 = 2ƙ. Ɗalibai da dama sukan rubuta w − 6 saboda "saura" ta yi musu kama da ragi, kuma maganin wannan kuskure shi ne a gwada jumlar da ƙananan lambobi kafin a ci gaba: idan ƙane yana da goma, ninkinsa ashirin ne, wanda saura shida ya kai ashirin kuwa yana da goma sha huɗu, kuma 14 + 6 ne yake ba da 20.

Hanyar musanya

Hanya ta farko ta warwarewa ita ce musanya, wato a ware harafi ɗaya shi kaɗai a gefe guda na daidaito ɗaya, sannan a ɗauki abin da ya yi daidai da shi a sa a gurbinsa a cikin ɗaya daidaiton, ta yadda zai rage saura harafi guda. Ta fi dacewa idan akwai harafin da ba shi da lamba a gabansa, kamar s a daidaito na biyu na misalin shinkafa da gero. Idan aka ɗebe 4g daga ɓangarorinsa biyu za a sami s = 6,800 − 4g, idan kuma aka sa wannan a gurbin s na daidaito na farko za a sami:

3(6,800 − 4g) + 2g = 8,400
20,400 − 12g + 2g = 8,400
20,400 − 10g = 8,400

A layi na biyu ukun nan ya ninka duk abin da ke cikin baka, har da 4g, kuma mantawa da hakan kuskure ne da ake yawan gani. Daga nan sai a ƙara 10g a ɓangarorin biyu don a kawar da ragin, wanda shi ne ainihin aikin da al-Khawarizmi ya kira al-jabr, sannan a ɗebe 8,400 daga kowane ɓangare, wanda shi ne ya kira al-muƙabala, sai a sami 12,000 = 10g. Mudun gero ya kama naira 1,200 ke nan, na shinkafa kuma 6,800 a ɗebe 4,800, wato naira 2,000. Ba a ɗaukar aiki ya kammala sai an mayar da amsar cikin labaran asali an gani: mudu uku na shinkafa 6,000, mudu biyu na gero 2,400, jimla 8,400, kuma 2,000 da 4,800 sun ba da 6,800. Haka nan a misalin damman gero, w = 2ƙ − 6, idan aka musanya sai a sami 3ƙ − 6 = 45, ƙane ya tashi da dami 17, wa da dami 28.

Hanyar kawarwa

Hanya ta biyu ita ce kawarwa, kuma ita aka fi so idan kowane harafi yana da lamba a gabansa, domin musanya a irin wannan hali tana jawo gutsattsarin lambobi masu rikitarwa. A ɗauka a tashar Shinkafi wata ƙungiyar fatake mutum huɗu da buhu shida sun biya kuɗin mota naira 19,000 zuwa Ƙaura Namoda, wata kuma mai mutum uku da buhu biyu ta biya naira 10,500 a motar nan. Idan m kuɗin motar mutum ɗaya ne, b kuma kuɗin buhu ɗaya:

4m + 6b = 19,000
3m + 2b = 10,500

Dabarar ita ce a sa lambar da ke gaban harafi ɗaya ta zama iri ɗaya a duka layukan biyu. Idan aka ninka daidaito na biyu sau uku gaba ɗayansa, hagu da dama, zai zama 9m + 6b = 31,500, wanda ma'anarsa ita ce da ƙungiya ta biyu ta zo sau uku da abin da za ta biya ke nan. Yanzu kowane layi yana da buhu shida, don haka bambancin kuɗin da ke tsakaninsu ba daga buhuna ya zo ba, daga mutum biyar ɗin da suka ƙaru ne. Ɗebe na farko daga sabon ya ba da 5m = 12,500, kuɗin mutum ɗaya naira 2,500, idan kuma aka koma daidaito na biyu za a ga 7,500 + 2b = 10,500, kuɗin buhu ɗaya naira 1,500.

Wannan dabara ta girmi al-Khawarizmi da ƙarnuka, domin babi na takwas na wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin, wanda aka fi sani da Babi Tara a kan Fasahar Lissafi kuma aka harhaɗa shi kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, yana warware matsalar damman hatsi masu daraja uku, mai kyau da matsakaici da maras kyau, ta hanyar ninka layi da ɗebe shi daga wani har sai ɓoyayyen adadi ɗaya ya rage. Turawa sun laƙaba wa hanyar sunan masanin Jamus Carl Friedrich Gauss, wanda ya rasu a 1855, kuma har yau ita ce tushen yadda kwamfuta take warware daidaito dubbai a lokaci guda. A ƙasar Hausa ma an yi masanan da suka zurfafa a irin wannan tunani, kamar Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje wanda kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Kowane layi na irin wannan hatimi daidaito ne miƙaƙƙe, ko da ba a rubuta shi da haruffa ba.

Ya kamata a yarda cewa gogaggen ɗan kasuwa yana yin kawarwa da ka ba tare da ya san sunanta ba. Idan aka ce masa a cikin ƙulli akwai takardun kuɗi 60, wasu na naira 500 wasu na naira 1,000, jimlarsu naira 42,000, zai ce da duka na ɗari biyar ne da sun zama 30,000, ragowar 12,000 kuwa ta zo ne daga takardun dubu, waɗanda kowace ta ƙara 500, saboda haka su 24 ne, na ɗari biyar kuma 36. A rubuce, idan ɗ yawan takardun ɗari biyar ne, d kuma yawan na dubu, labaran su ne ɗ + d = 60 da 500ɗ + 1,000d = 42,000, kuma cewar da ya yi "da duka na ɗari biyar ne" ita ce ninka layi na farko sau 500, abin da ya biyo baya kuma ɗebewa ce. Abin da rubutu ya ƙara masa ba basira ba ce, shaida ce, domin lissafin da ke cikin kai ba ya nunuwa ga abokin tarayya idan gardama ta tashi, kuma yana kuɓucewa idan lambobi suka yi yawa.

Inda lissafin yake ƙin fita

Ba kowane labari biyu ne yake ba da amsa ɗaya ba, kuma gane dalilin hakan yana da daraja kamar iya warwarewar. Idan aka ce mudu biyu na shinkafa da uku na gero sun kama 7,600, sannan aka ce huɗu na shinkafa da shida na gero sun kama 15,200, labari na biyu maimaici ne na farko sau biyu, kuma wanda ya gwada kawarwa zai ga komai ya ɓace ya bar 0 = 0. Wannan ba kuskuren ɗalibi ba ne, alama ce cewa labari ɗaya kawai aka ba shi aka sake masa riga, kuma a zane layukan biyu suna kwance ne ɗaya bisa ɗaya. Idan kuwa aka ce ciniki na biyun ya kama 14,000, kawarwa za ta kai ga cewa 0 daidai yake da 1,200, abin da ba zai yiwu ba, kuma a zane layukan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. A kasuwa wannan yana nufin ɗayan uku: ko an yi wa mai saye na biyu ragi saboda ya sayi da yawa, ko an yi kuskure wajen faɗin kuɗi, ko kuwa akwai naira 1,200 da wani bai bayar da bayaninta ba. Lissafi ba zai ce wanne ne ba, amma ya nuna wurin da za a yi tambaya da kuma girman gibin, kuma wannan ya fi zargi na baki da ba a san iyakarsa ba adalci ga kowa.

Haka nan dole a auna amsa da hankali ko da lissafin ya fita. Amsar da ta ce kuɗin buhu ƙasa yake da sifili, ko ta ce akwai takardar kuɗi ashirin da huɗu da rabi, tana nuna an yi kuskure a fassarar magana ko a cikin labarin kansa. Cinikin dabbobi a kara yana buƙatar ƙarin hattara, domin kowane rago da nasa farashi gwargwadon ƙiba da shekaru da lafiya da yadda dillali ya sasanta, ga kuma la'ada da takan shiga jimlar kuɗi, saboda haka idan aka yi amfani da tagwayen daidaito a kan raguna da awaki, abin da zai fito kimantawa ce ta tsaka-tsaki wadda ba za a iya ɗora wa wata dabba guda ba.

Rabon gado ma yana ɗauke da irin wannan tsari. Idan magada 'ya'ya maza biyu ne da mata biyu kaɗai, abin da ya rage bayan biyan bashi da zartar da wasiyya kuma naira 900,000 ne, ƙa'idar da ta zo a Suratun Nisa'i ta cewa rabon ɗa namiji ninkin na 'ya mace ne ita ce daidaito na farko, n = 2m, inda n rabon namiji ɗaya ne, m kuma rabon mace ɗaya, jimlar dukiyar kuma ita ce na biyu, 2n + 2m = 900,000, wanda musanya take mayarwa 6m = 900,000, kowace mace ta sami 150,000, kowane namiji 300,000. Tantance su wane ne magada da wanda yake katange wani aikin malaman fara'ili da alƙalai ne, aljabara tana shigowa ne bayan sun gama nasu.

Aikin gwaji

A kowace tambaya ana son ɗalibi ya fara rubuta abin da kowane harafi yake wakilta da cikakkiyar jumla, ya kuma gwada amsarsa a cikin labaran asali.

1. A Ƙaura Namoda buhu biyu na gyaɗa da buhu uku na wake sun kama naira 310,000, buhu huɗu na gyaɗa da buhu ɗaya na wake kuma sun kama naira 370,000. A nemo kuɗin kowane buhu ta hanyar musanya, sannan a sake nemowa ta hanyar kawarwa, a faɗi wadda ta fi sauƙi a nan da dalili.

2. Wani makiyayi yana da shanu da tumaki 70 a haɗe, tumakin kuma sun fi ninkin shanun sau uku da guda shida. A nemo yawan kowanne.

3. An ce mudu biyu na wake da uku na dawa sun kama naira 6,000, mudu shida na wake da tara na dawa kuma sun kama naira 18,000. A bayyana abin da ya hana a gano kuɗin mudun wake, a kuma rubuta tambaya ɗaya da za a yi wa ɗan awo wadda amsarta za ta wadatar.

4. Kowane ɗalibi ya samo ciniki biyu na gaskiya daga sana'arsa ko daga cefanen gidansa waɗanda suka ƙunshi kaya iri biyu, ya rubuta su a matsayin tagwayen daidaito ba tare da ya faɗi farashin ɗai-ɗai ba, ya ba abokin zamansa a aji ya warware, sannan su gwada amsar da farashin da aka biya a zahiri.